Kwana shida, ƙofa biyar

Bahaushe ya san rabon gado, ya san rabon riba tsakanin abokan fatauci, ya san yadda ake kasa naman layya kashi-kashi ba tare da maƙwabci ya yi ƙorafi ba. Rabon kwanakin hutu ne bai shiga cikin abubuwan da muka gada ba. Ma'aikacin gwamnati idan konje ya zo, ƙauye yake nufa, ya duba gona, ya yi gaisuwar rasuwar da ta wuce shi, ya dawo biro ya fi da gajiya. Ɗan kasuwa kuwa ba ya rufe shago sai don ciwo ko aikin hajji. Shi ya sa duk ranar da ɗayanmu ya sami ƴan kwanaki da ƴan kuɗi ya ce zai kai yara kallo ƙasar waje, sai ya tarar babu wani dattijo da zai je ya tambaya yadda ake yi.

Mu a gidanmu abin ya same mu a ƙarshen watan Agusta na shekarar 2022. Ƙanwata tana aure a wani gari na bayan birnin Pari, tana da ɗiya biyu da aka haifa can. Inna ta riga mu tafiya wurinta don ganin likita. Wana, ɗan kasuwar atamfa a Maraɗi, yana da harka da ƴan sari na Aubervilliers, sai ya ce zai tafi da ƴaƴansa maza biyu, ni kuma in ɗauko ɗiyata. Shekara biyu ina zuba adashe kafin kuɗin jirginmu ya haɗu. Wannan ne karo na farko da jikokin Inna biyar za su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma babu wanda zai iya rantsuwa cewa za a sake. Kwanakin da muke da su tare shida ne, daga Juma'a 26 ga Agusta zuwa Laraba 31, domin ranar Alhamis 1 ga Satumba ƴan lakwal na Faransa ke komawa aji.

Tun muna Yamai Yaya ya miƙo mini takarda. A kanta ya jera sunaye biyar na irin wuraren nan da Faransawa ke kira parc d'attractions, wato manyan dandalan wasa da kallo: biyu na Disney, da Parc Astérix, da Futuroscope, da Puy du Fou. Kowace rana ƙofa ɗaya, rana ta shida a ɗaure kaya. Hujjarsa hujjar fatake ce, kuma ban raina ta ba. Wanda ya biya kuɗin mota ya je Kano ba ya tsayawa a Kantin Kwari kaɗai ya juyo. Sai ya leƙa Sabon Gari, ya leƙa Kurmi, tunda kuɗin hanya ya riga ya fita. Ya ce da ni: "Malam ɗan jarida, kai ka yi lise, ka tsara mana. Amma kada ka rage ko ɗaya."

Kafin a yi gardama a kan wuri, ya kamata mai karatu ya san mene ne wurin. Disneyland na Pari yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin, a ƙarshen layin A na jirgin RER. Ana sauka daga jirgi ƙofar na gabanka. Jacques Chirac, yana firaminista, shi ya sa hannu kan yarjejeniyar gina shi a watan Maris na 1987, aka buɗe ranar 12 ga Afrilun 1992 da sunan Euro Disney. Shekarunsa na farko asara ce tsagwaronta. A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa muka wayi gari kuɗinmu ya rabu biyu, shi ma kamfanin yana bakin rami, sai da aka sake tsara bashinsa, Yarima Al-Walid ɗan Talal na Saudiyya ya zuba jari, aka kuma sauya sunan. Dandali na biyu, na harkar silima, an buɗe shi a gefen na farko a watan Maris na 2002. Lokacin zuwanmu Walt Disney Studios ake kiransa. A 2024 kamfanin ya ba da sanarwar sauya masa suna zuwa Disney Adventure World. Parc Astérix yana arewa, a Plailly, kimanin kilomita 35 daga Pari bisa babbar hanyar A1, ya kuma girmi Disney da shekara uku, don a 1989 aka buɗe shi. Waɗannan uku ana iya zuwa da safe a kwana gida.

Sauran biyun labarinsu dabam. Futuroscope na kusa da Poitiers, René Monory ne ya kafa shi a 1987, mutumin da daga baya ya shugabanci majalisar dattawan Faransa. Puy du Fou na cikin jihar Vendée, Philippe de Villiers ya fara shi a 1978 da wasan dare a filin wata tsohuwar fada, babban dandalin ya biyo baya a 1989. Kowannensu ya haura kilomita 300 daga Pari, wato ya fi nisan Maraɗi zuwa Damagaram. Jirgin TGV yana gajarta tafiyar Poitiers, gaskiya ne, amma kujera tara zuwa da dawowa ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga otel idan dare ya yi. A kan takardar Yaya kowane suna layi ɗaya ya ci. A kan taswira biyu daga ciki kowanne na neman kwana biyu.

Na fara da lissafin kuɗi, don shi ne harshen da Yaya ya fi ji. Tun 1999 Yuro ɗaya sefa 655,957 ne ba ya motsi, wato tamma 656 in an cika. Kuɗin shiga yana hawa yana sauka gwargwadon rana, ranar da ake cika ya fi tsada, don haka na ce mu ɗauka Yuro 100 ne ga mutum ɗaya domin sauƙin lissafi. Jika 65 da rabi ke nan. A wannan shekara mafi ƙanƙantar albashi a Nijar sefa 30.047 ne, kafin a ɗaga shi zuwa 42.000 a farkon 2024. Tikiti guda ya haɗiye albashin wata biyu na lebura. Mu takwas, ko da an yi wa ƴan ƙasa da shekara 12 ɗan rangwame, rabin miliyan ne a rana ɗaya tun ba a sayi ko ruwan sha ba. Yaya ya ce kuɗi ba matsala ba ne, shi zai ɗauki kashi mafi girma. Na san zai faɗi haka. Na kuma san ni ba zan yarda ɗiyata ta shiga wuri biyar bisa aljihun wani ba, ko da wana ne, alhali ƙarfina na uku ne. Irin wannan magana ba a faɗinta a fili tsakanin wa da ƙane, amma tana zaune cikin kowane lissafi da na yi.

Sai lissafin lokaci, wanda ya fi na kuɗi tsanani don shi ba a ranto shi. Ana buɗe ƙofa da hantsi, a rufe da dare. Ka ce awa goma sha biyu ke hannunka. Cire awa ɗaya da rabi na cin abinci, cire salla, cire kai yara bayan gida, wanda da yara biyar ba ya zuwa lokaci ɗaya ko da an roƙe su, cire tafiyar ƙafa daga wannan unguwa ta dandalin zuwa waccan. Abin da ya rage bai wuce awa bakwai ba. Manyan jiragen lilo, waɗanda Faransawa ke kira tsaunukan Rasha, hawa ɗaya minti biyu ne zuwa huɗu, amma a ranar cunkoso mutum na iya tsayuwar awa guda a layi kafin ya kai ga kujera. Ashe yinin da aka saya da rabin miliyan bai fi manyan hawa shida ko bakwai ba. Wanda ya ce zai gama dandali biyu a yini ɗaya ya manta cewa ba a tauna taura biyu.

Akwai hanyar gajarta layi. Tun watan Agusta na 2021 Disney na Pari ya kawo tsarin da yake kira Premier Access: ka ƙara kuɗi, ka bi ta wata ƙofa, ka wuce masu jira. Yaya da jin haka ya yi murmushi, ya ce ashe Nasara ma sun san na goro, bambancin dai su suna ba da rasit. Mun yi shawara muka bar shi, don ƙarin yana bisa kowane kai ne, mu kuwa kawunanmu da yawa. Abin da muka yi amfani da shi kyauta ne: idan akwai ƙaramin yaron da ba zai hau ba, babba ɗaya ya tsaya da shi, ɗayan ya hau, in ya sauko su yi musanya ba tare da na biyun ya sake bin layi ba. Wasu wuraren kuma akwai layin mai hawa shi kaɗai, wanda ake cike guraben kujeru da shi. Babban ɗan Yaya, mai shekara 14, da wannan layi ya ci ribar tafiyarsa.

Amma abin da ya yanke shawarar duka ba kuɗi ba ne, ba kuma agogo ba. Metir ɗin tela ne. Daren da muka sauka, ƙanwata ta ɗauko shi daga akwatin ɗinkinta, ta jera yaran a jikin bango da takalmansu, ta auna. A waɗannan wurare ba a tambayar shekarun yaro, tsawonsa ake dubawa, kuma a bakin kowane babban lilo akwai sanda mai alama. A Disney, jirgin ma'adinai na Big Thunder Mountain yana son santimita 102. Crush's Coaster 107. Hyperspace Mountain, wanda aka buɗe a 1995 da sunan Space Mountain kuma ya taimaka wajen fitar da kamfanin daga asara, 120. Na Indiana Jones 140. A Astérix, OzIris 130. Ƙa'idar ba ta son rai ba ce: ƙarfen da ke danne mutum a kujera an ƙera shi ne daidai wani jiki, wanda bai kai ba yana iya sulluɓewa.

Ga abin da metir ya ce. Mai shekara 14 ya wuce kowace sanda. Ɗiyar ƙanwata mai shekara 11, santimita 144. Tawa mai shekara 9, 131. Autan ƙanwata mai shekara 4, 103. Ƙaramin ɗan Yaya mai shekara 7 kuwa, 119. Aka sake aunawa, aka ce ya miƙe wuya, 119 dai. Santimita ɗaya tak tsakaninsa da jirgin da ya yi wata uku yana kallo a salular babansa. Yaya ya ce a sayo takalmi mai tudu, in kuma abin ya ƙi, ai magana ce, a yi wa mai tsaron ƙofa bayani cewa daga nesa muka zo. Ƙanwata ta ce: "Yaya Alhaji, nan ba Babbar Kasuwa ba ce. Sandar ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci." Ni kuma na ce ko da tana ji, ba zan so a ɗora yaro kan abin da aka ce bai kai ba. Aka kira yaron aka gaya masa gaskiya tun a daren, don gara ya yi kukansa a gida da ya yi shi a gaban sanda bayan tsayuwar awa guda. Ya yi kukan, ya yi barci.

Da na dubi lambobin nan biyar sai tsarin ya fito da kansa. Yara biyu ne kaɗai za su iya hawan komai. Idan muka bi wuraren da ƙarfinsu manyan lilo ne, rana bayan rana, gidan zai rabu biyu: manya na sama suna ihu, ƙanana na ƙasa suna riƙon jaka. To ai ba don haka Inna ta matsa a zo ba. Ɗiyan ƙanwata Hausarsu ta gaisuwa ce, ɗiyanmu Faransancinsu na aji ne, mai tsoron kuskure. Abin da ake nema shi ne su zauna kujera ɗaya su tsorata tare, su yi dariya tare. Babban dandalin Disney a nan ya fi sauran, domin da yawa daga abubuwansa babu sanda a bakinsu: jirgin ruwan ƴan fashin teku, gidan fatalwa, kwalekwalen da ke ratsa ƴan tsana na ƙasashen duniya, da faretin la'asar. A na biyun ma akwai Ratatouille, wanda aka buɗe a 2014, kowa na shiga. Saboda haka na ba Disney kwana biyu, da tikitin da ke ba da damar ratsawa tsakanin dandalan biyu, wanda in aka raba kuɗinsa bisa kwanaki ya fi na yini ɗaya sauƙi.

Akwai wani abu da ya ba ni takaici wanda ba laifin kowa ba ne. Lakwal a Nijar sai Oktoba take komawa, ta Faransa kuwa farkon Satumba. Iyalin da ya taso daga nan zai iya isa a sati na biyu na Satumba ya tarar layuka sun ragu, farashi ya sauka, zafi ya yi sauƙi. Wannan dama ce da kalanda ta ba mu kyauta, duk mai niyya ya riƙe ta, sai dai ya bincika tukuna, don Astérix ba kullum yake buɗewa ba bayan komawar ƴan lakwal. Mu ba mu iya cin wannan riba ba. Ranar da dandalan ke yin fili ita ce ranar da ɗiyan ƙanwata ke zaune a aji. Muka zaɓi cunkoso da yara biyar bisa fili da yara uku.

Puy du Fou ne Yaya ya fi jin zafin bari. Mutum ne mai son doki, ba ya fashin hawan salla, kuma can babu lilo ko ɗaya, wasanni ne a fili: mahaya, da karusan Rumawa a cikin fage, da jiragen ruwan mayaƙan arewa, da tsuntsayen farauta ɗaruruwa da ake saki bisa kawunan ƴan kallo. Babban wasan dare kuwa, wanda mutanen ƙauyukan yankin ke yi ba don albashi ba, daren Juma'a da na Asabar ne kawai a lokacin zafinsu, kuma kujerunsa na ƙarewa tun da wuri. Na gaya masa wannan wuri ba na ratse ba ne, na tafiya ce ta kanta. Na ƙara masa da cewa tarihin da ake nunawa can, musamman na yaƙin Vendée na 1793, masana ba su yarda da shi duka ba. A wannan shekara ta 2022 wasu malaman tarihi huɗu suka fitar da littafi guda suna sukar yadda ake ba da shi. Ya ce shi dawaki zai je kallo, ba jarrabawa zai rubuta ba. Yana da gaskiyarsa. Ni kuma Futuroscope na bari, wanda tun ina lise nake ganin hoton gininsa mai kama da ƙanƙarar dutse a mujallun ɗakin karatu. Kowa ya yanka nasa, shi ya sa babu wanda ya ce an cuce shi.

Maimakonsu na shigo da wani wuri da ba ya cikin takarda, saboda Inna. Gwiwoyinta ba za su ɗauki yinin Disney ba, kuma ba ta ga dalilin da za a biya mata jika sittin don ta zauna a benci ba. A cikin birnin Pari, gefen dajin Boulogne, akwai Jardin d'Acclimatation, lambu ne mai inuwa da ƙananan lilo da dabbobin gida, ana zuwa da metro layi na 1. Kuɗin ƙofa kaɗan ne, mai son hawa ya biya na hawa dabam. Ranar Juma'a, bayan mun sauko daga Babban Masallacin Pari, wanda aka buɗe a 1926, muka wuce can gaba ɗayanmu, har da mijin ƙanwata. A nan ne kawai cikin kwana shidan Inna ta ga jikokinta biyar a kan doki ɗaya na katako, suna zagayawa suna ɗaga mata hannu.

Na daɗe ina shawara da zuciyata ko in gaya mata tarihin wurin. Napoléon na Uku ne ya buɗe lambun a 1860 don a saba wa dabbobi da itatuwan ƙasashen nesa da iskar Faransa. Daga 1877 masu shi suka ga dabbobi ba sa kawo jama'a yadda suke so, sai suka fara kawo mutane. Na farko Nubawa ne daga ƙasar Sudan, tare da raƙumansu, aka sa su bayan shinge ana biya ana kallo. Aka kawo Ashantawa a 1887, aka kawo mutanen Dahomey a 1891, abin bai tsaya ba sai 1931 da mutanen Kanak. Ɗan jarida ba ya iya riƙe irin wannan a ciki, sai na faɗa mata muna zaune, a taƙaice. Ta yi shiru tana jan carbi, tana duban Turawan da ke wucewa da ƴaƴansu. Can ta ce: "Allah Ya jiƙan waɗanda aka kawo. Kai kuma tashi ka sayo wa yaran nan abin sanyi." Ban san abin da ta yi da labarin a ranta ba, ba ta sake tayar da shi ba.

Asabar muka ba Astérix, ko da yake ranar cika ce, don wurin ya fi sauƙin zuwa da mota, mijin ƙanwata kuma sai ƙarshen sati yake samun kansa. Ya ari motar maƙwabci muka yi biyu. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan ya san ɗan gajeren Bagallen nan da abokinsa mai ƙiba, waɗanda René Goscinny da Albert Uderzo suka ƙirƙiro a 1959. Tsofaffinmu da suka yi karatu zamanin Nasara suna ba'a cewa an koya musu Gallawa ne kakanninsu. Na ce wa Yaya to yau mun zo gaida dangi. Wurin ya fi na Disney ƙanƙanta, ya fi shi zafin lilo. Goudurix na kifar da mutum sau bakwai. Tonnerre de Zeus, na katako, an gyara shi a wannan shekarar aka sake buɗewa. Toutatis, mai tsawon mita 51, lokacin ana kan gininsa, sai 2023 ya fara aiki. Yini ɗaya ya isa, kuma shi ne yinin manyan yara: mun yarda a rabu daga hantsi zuwa azahar, a haɗu a wasannin ruwa inda kowa ke jiƙewa daidai wa daida. Ɗiyata ta wuce sandar OzIris da santimita ɗaya, ta bi layi har ta kai gaba, ta ɗaga kai ta ga ƙafafun mutane na reto a sama, ta ce: "Baba, ni na fasa." Muka fito ta ƙofar gefe. Ɗan Yaya mai 119 ya dube ta kamar wanda ya ga an zubar da tuwo.

Lahadi ba mu je ko'ina ba, kuma a kan wannan rana muka fi yin gardama da Yaya, don a ganinsa yini ne aka jefar. Ni na dage. Yaro ɗan shekara 4 da ya yini a tsaye ba ya tashi da safe ya sake, babba ma ƙafarsa na faɗa masa. Ga shi a ƙarshen Agusta rana ba ta faɗuwa a Pari sai wajen ƙarfe 9 saura na dare, wasan wuta na Disney kuma sai duhu ya yi sosai, a rufe dandali da shi; wanda ke son ya gani ranar Litinin dole ya shigo da barcinsa cikakke. Ƙanwata ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka da Inna ta kawo, ƴan Nijar na unguwar suka zo gaisuwa, yaran suka shige ɗaki. Da la'asar na leƙa na tarar ɗiyata na koya wa ƴar uwarta wasan carafke da duwatsun tukunyar fure, ana ƙirga da Hausa ana gardama da Faransanci.

Litinin da Talata Disney. Ranar farko babban dandali tun buɗe ƙofa har wasan wuta. Shekarar ce ta cikarsa 30, an ƙara da ƙananan jirage marasa matuƙi da ke zana lambar a sararin sama. Rana ta biyu muka fara da na silima, inda aka buɗe unguwar Avengers a watan Yulin da ya gabata, muka gama da shi kafin la'asar, muka ratsa muka koma na farko, kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya da yake so a maimaita. Wannan maimaici shi ne abin da tsarin ƙofa ɗaya kowace rana ba ya bayarwa. Hawan farko yaro idonsa a rufe yake. Mai 119 ya zaɓi Big Thunder Mountain, ya hau sau uku cikin kwana biyun, na ukun hannuwansa a sama. Guzuri muka riƙa a jaka, burodi da ƙwai da dabino, don sha'anin nama a irin wuraren nan sai da tambaya. Salla kuma mu matafiya muka yi ƙasaru a wani lungu mai ciyawa, ba wanda ya ce mana kanzil. Laraba ƙanwata ta tafi sayen littattafan lakwal, yara biyar suka bi ta, suka dawo da jaka iri ɗaya su duka.

Hanyar da muka bi a 2022 ba ta nan yadda take. Air France ta daina sauka Yamai tun Agustan 2023, ofishin jakadancin Faransa ya rufe a Janairun 2024, mai neman biza sai ya nemi wata ƙasa, mai tafiya kuma ya ratsa ta Kasablanka ko Istanbul. Ƴan kasuwarmu dama Dubai suka fi sani, kuma a kusa da ita, a tsibirin Yas na Abu Dabi, akwai dandali huɗu jere da juna: Ferrari World na 2010, mai jirgin da ke gudun kilomita 240 a awa, da na wasan ruwa na 2013, da Warner Bros. World na 2018, da SeaWorld na 2023. Kwanan baya Yaya ya aiko mini da sabuwar takarda ta salula, sunaye huɗun nan a jere, kwana uku a gefe, ya ce in tsara. Na mayar masa da cewa ya sa a auna yaran da takalmansu, ya kuma tambayi likita ko Inna za ta iya zaman jirgi.